Shubuhar Alkamar da Aka Ce Tana Yanke Haihuwa

Ya zama kamar ijma'i a bakin jama'a, har da masu ilmin da ya wajaba su yi bahasi kafin su yanke hukunci, cewa kamfanonin Turai suna fesa wa hatsi wani sinadari domin irin ya mutu, wanda ya ci shi kuma haihuwarsa ta yanke. Wannan magana batila ce, kuma tana kautar da mu daga illar da take ta haƙiƙa.

Asalin al'amarin shi ne, Allah ya halicci furen alkama da namiji da mace a kwanso ɗaya, tana yi wa kanta barbara, saboda haka mai neman iri mai aure ba shi da ikon yin abin da ake yi wa masara, inda ake bin gona ana cire furen sama da hannu. Sai masu samar da iri su fesa wa layukan uwa magani irin su sintofen, wanda ake sayarwa a Faransa da sunan Croisor 100, domin garin furenta ya lalace, iska ta kawo mata na layukan uba. Ƙwayar da aka girba kuwa tana tsira, tana ba da zangarniya, 'ya'yanta ma haka.

Abin da aka cakuɗa da wannan shi ne dabarar Terminator, wadda kamfanin Delta and Pine Land da ma'aikatar noma ta Amurka suka sami haƙƙin mallakarta a 1998. Ita sauya ƙwayar halitta ce domin irin da aka girba ya mutu, kuma ba a taɓa kai ta kasuwa ba. Masu ƙyamar feshi su tuna kuma cewa ɗaya hanyar samar da iri mai aure, wato rashin garin fure na gado, ita ce ta buɗe wa cuta ƙofa a 1970, har Amurka ta yi hasarar kusan kashi 15 cikin ɗari na masararta.

Inda zalunci yake iya shiga, kuma nan nake so a tsananta tuhuma, shi ne ƙarfin iri mai aure yana warwatsewa a shuka ta biyu, sai manomin da ya gaji ajiye irinsa a rumbu ya koma mai saye kowace shekara, da tsada, alhali ƙarin amfanin da alkama take bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Ranar da aka kawo wa manomin Kadawa irin wannan alkama, haƙƙinsa ne a faɗa masa farashinta, da ribarta, da sunan mai mallakar iyayenta, tun kafin ya buɗe buhu.