Ƙofar Da Aka Manta Da Ita



Kwanan nan na karanta labarai da dama inda jarumi zai zauna gaban kwamfuta, ya daddanna na minti biyu, sai a ce ya kutsa cikin banki. Ni a ganina muna cutar kanmu, domin yadda ake kutse na gaskiya ya fi wannan daɗin labari.

Kamfanonin da ke ajiye mana bayanai a intanet sukan ɗauki babbar kwamfuta ɗaya su yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Kowane ɗaki yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Maigidan shi ne hypervisor, wato manhajar da ke tafiyar da ɗakunan a kan injin. Ɗan haya ba ya taɓa faifai ko katin sadarwa da hannunsa, kwaikwayonsu ake miƙo masa ta taga. To a wannan tagar ɓarawo ke laɓewa.

A watan Mayun 2015 kamfanin CrowdStrike ya sanar da wata ɓaraka da ma'aikacinsa Jason Geffner ya gano, aka raɗa mata suna VENOM. A lokacin tana cikin QEMU, manhajar da Xen da KVM ke amfani da ita wajen kwaikwayon na'urori. Abin mamaki, a sashen faifan fulofi take, faifan da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba, kuma tun 2004 take nan kwance. Wanda ke da cikakken iko a ɗakinsa zai iya tura saƙo fiye da abin da ma'ajin fulofin zai ɗauka, ya malala waje, ya buɗe masa hanyar tsakar gida, daga nan sai ɗakunan maƙwabta. Shekara 11 ba wanda ya leƙa ƙofar, don ba a bi ta nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce mai karatu ba darasin kwamfuta ya zo nema ba. Gaskiya ne. Amma gidan haya, maƙwabcin da ba a yarda da shi ba, da tsohuwar ƙofar da kowa ya manta, ai duk Bahaushe ya san su. Bincike kawai muke gudu.

Kafin ki ba jaruminki kwamfuta, kafin ka ce ya kutsa, a tambayi kai: ta wace ƙofa ya bi, kuma sakacin wa ya bar ta a buɗe? Ina jiran ra'ayoyinku.