Gigabayit 4 da mai gyaran kwamfuta a Bagudo

Akwai wani zalunci ƙarami da ba a kai ƙararsa ko'ina, amma mai gyaran kwamfuta a Bagudo ya san shi sarai. An kawo masa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga Tsamiya ko Lolo, wata ma madannanta na Faransanci ne domin ta ƙetaro daga Benin, ana so ya ɗora mata sabuwar Windows. Ya kwafi fayilolin girkawa zuwa filashi, aiki ya yi nisa, sai na'ura ta ce fayil ɗaya ya yi girma. Ga sarari a filashin, amma fayil ya ƙi shiga. Mai kaya kuwa ya tafi yana cewa yaron bai iya aiki ba.

Yaron ba shi da laifi. Yawancin kwamfutocin da ke tashi da tsarin UEFI sun fi gane filashin da aka tsara da FAT32, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 1996, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Ita kuma Microsoft ɗin ce ta bar fayil mai suna install.wim ya kumbura har ya wuce wannan iyaka. Kamfani ɗaya ya gina ƙofa, ya kuma ɗaure kayan da ya fi ƙarfinta. Mafita tana nan: a raba fayil ɗin gida biyu da umarnin DISM, ko a yi amfani da Rufus, wadda Pete Batard ya rubuta yake bayarwa kyauta, ko Ventoy. To, amma me ya sa sai wani mutum can ya zo ya toshe ɓarakar kamfanin da ya fi ƙasashe da dama arziki?

Za a ce filashi mai gigabayit 8 ai ba tsada. Wanda ke faɗin haka daga Abuja bai taɓa sauke gigabayit 5 da datar waya a bakin iyaka ba, inda sabis ke yankewa a dawo farko, batirin kuma na jiran janareto. Bai kuma taɓa sayen filashin jabu mai rubutun 32 a jiki, ciki ko rabin haka babu, ba. A 2001 Windows XP a faifan CD guda ta zo. Yau Windows 11 ta fi ƙarfin DVD mai gigabayit 4.7, tana neman guntun TPM 2.0, tana kuma matsa wa mutum ya haɗa intanet kafin ya gama girkawa. Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba, 2025.

Kada masu Linux su yi murmushi. Ubuntu ta bar faifan CD tun 2012, kuma ta 24.04 ta doshi gigabayit 6. Debian ce har yanzu ke fitar da DVD na farko da ake girkawa ba tare da intanet ba.

Saura mu masu albashi da ke sayo wa makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi kwamfuta. Mukan ware kuɗin na'ura, mu manta da ranar da za ta tsaya. Filashi na gaske guda biyu a durowar shugaban makaranta, ɗaya da Windows da aka raba fayilinta, ɗaya da Debian, waɗanda aka sauke a Birnin Kebbi inda intanet ya fi ƙarfi, sun isa su hana ɗakin kwamfuta a Illo ko Kaoje zama a kulle zango guda.