Tun a takarda ake rushe badala

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa amsa sunan Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana Kano. Zanen ya fito a littafinsa na 1857: soraye na ƙasa, ɗakunan ciyawa, dabinai sun miƙe a tsakanin gidaje. Baƙo ne, bai haɗa komai da mu ba, amma abin da ya tarar shi ya zana.

To, je ka tsaya gaban allon da ake kafawa duk inda za a fara sabon aiki a birnin nan. Zanen kwamfuta ne: gadar sama, kantuna masu gilashi, ciyawa shar, motoci 'yan ƙalilan suna sheƙi. Ina badala? Ina kududdufi? Ina ɗan Adaidaita Sahu, ina ɗan garuwa da kurarsa, ina dattijuwar da ta shekara tana tuyar ƙosai a bakin hanyar? Babu su. Kuma ba mantuwa ba ce. Abin da mai zane ya goge a takarda, shi katafila ke zuwa ta goge a ƙasa.

Wannan ne ke ƙona mini rai. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, yau ana sare ta ana yanka filaye ana sayarwa. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka mayar mana da ta siminti, wai ita ke nan. Wa aka tambaya?

Kududdufan ma da ake rainawa, daga cikinsu kakanninmu suka haƙo ƙasar gini, sannan suka bar su suna shanye ruwan damina. Aka cike su da bola, aka dasa shaguna. Ruwa kuwa ba ya karanta zanen injiniya, hanyarsa yake nema. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙe dilolin atamfa da shadda.

Ba na ƙin gada, wallahi. Duk wanda cunkoson Ƙofar Nasarawa ya taɓa riƙewa ya san amfaninta. Ƙarya nake ƙi. Zanen da ke nuna abin da za a gina, ya ɓoye abin da za a rushe, yaudara ce da kuɗin jama'a.

Kafin a sa hannu a kowace kwangila cikin birni, a zana wurin yadda yake yau, da katangarsa da ruwansa da mutanensa, a ajiye shi gefen sabon zanen a ƙofar gidan mai unguwa, mutanen unguwar su gani su faɗi nasu tun katafila ba ta iso ba.