Jinin Wanda Ya Yi Hatsari: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda mota ta yi hatsari a kan hanyoyin ƙasar nan ya san yadda abin yake. Jama'a su yi cincirindo, wasu na salati, wasu na ɗaukar hoto da waya, shi kuwa bawan Allah yana kwance jini na ta kwarara. In an yi sa'a an kai shi asibiti, sai a ce wa 'yan uwansa su je su nemo jini leda biyu ko uku. Kafin a samo, rai ya yi halinsa, a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ajali na hannun Allah. To amma Wanda Ya ƙaddara ajalin Shi ne Ya yi umurni da neman magani, kuma zai tambayi al'umma abin da ta yi da sanin da Ya ba ta.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na cin rayukan mutum kusan miliyan 1.19 a duk shekara. Babban mutum jininsa bai wuce kimanin lita biyar ba. Idan ya zubar da mai yawa, jikinsa zai yi sanyi, jinin da ya rage ya yi tsami, sannan ya kasa daskarewa, wato zubar jinin ita ke jawo ƙarin zubar jini. Shi ya sa binciken likitocin fiɗa na shekaru talatin da suka wuce ya tattaru a kan abu guda: a tsayar da jinin da wuri, a mayar da wanda ya zuba da jini irinsa.

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an ɗaura wa majinyaci ƙarin ruwa, shi ke nan an ceto shi. Alhali a 1994 likitoci a birnin Hustan na Amurka sun gwada wannan a kan mutum 598 da aka harba ko aka daɓa wa wuƙa a gangar jiki. Waɗanda aka jinkirta ɗura musu ruwa har sai an shiga ɗakin tiyata, kashi 70 cikin ɗari suka rayu, waɗanda aka ɗura wa tun farko kuwa kashi 62. Ruwan gishiri yana tsinka jini, yana kuma iya ture gudan jinin da ya fara toshe raunin.

Abin takaici, wani ɓangare na wannan ilimi a ƙasashen Musulmi aka tara shi, lokacin mamayar Afganistan daga 2001 da ta Iraƙi daga 2003. A can ne likitocin sojan Amurka suka tabbatar cewa ɗaure hannu ko ƙafa tamau a sama da rauni, tun kafin mutum ya galabaita, yana ceton rai, bayan an daɗe ana tsoron abin. A can kuma suka lura da amfanin haɗa jajayen ƙwayoyin jini da ruwan jini da ƙwayoyin daskarar da jini daidai wa daida. A 2015 aka buga gwajin wannan a kan mutum 680 a asibitoci 12 na Arewacin Amurka. Jimillar mace-mace ba ta bambanta sosai ba, amma waɗanda zubar jini ta kashe a yinin farko sun ragu daga kashi 14.6 zuwa 9.2. Azzalumi ya koyi yadda zai ceci sojansa, shin me ya hana wanda aka zalunta ya koyi yadda zai ceci ɗan uwansa?

Akwai kuma wata allura mai araha, tiranezamik asid, wadda wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka gano a 1962. Aikinta shi ne hana gudan jini narkewa. A 2010 aka fitar da sakamakon binciken CRASH-2 da aka yi da mutum 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, ciki har da Nijeriya. An ga cewa in an yi allurar cikin sa'a ta farko, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku, in kuwa an wuce sa'a uku ba ta da amfani, tana ma iya cutarwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna. Tun da da marasa lafiyar ƙasar nan aka yi binciken, haƙƙin talaka ne ya tarar da wannan allura a duk asibitin da ke bakin babbar hanya.

Nauyin farko na kan mahukunta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar agajin gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Doka a takarda ba ta tsayar da jini sai an ajiye magani, an kawo wutar da za ta riƙe firijin jini, an biya ma'aikata haƙƙinsu.

To amma akwai abin da ko gwamnati adila ba za ta iya ƙerawa ba, shi ne jinin kansa. Daga jikin mutum kawai yake fitowa, kuma jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce sati shida a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da zai ceci wanda ya yi hatsari yau shi ne wanda wani bawan Allah ya bayar makon jiya, aka gwada shi, aka ajiye. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma namiji lafiyayye na iya bayarwa duk wata uku. Malaman wannan zamani sun halatta bayar da jini, sun kuma bayyana cewa ba ya haramta aure kamar shayarwa. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. Yaya al'ummar da ke cika masallatai maƙil kowace Juma'a za ta bar ɗan uwanta a hannun masu sayar da jini a ƙofar asibiti? Wannan aiki ne irin wanda in kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Kuma ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya yi bayanin ɗaure jijiya don tsayar da jini a littafinsa At-Tasrif.

Saboda haka ya kamata kowace unguwa da kowace makarantar Islamiyya ta manya ta tanadi sunayen masu bayar da jini da rukunin jininsu, a riƙa zuwa asibiti ana bayarwa tun kafin a nema. 'Yan agaji da direbobi da 'yan acaɓa su je wurin ma'aikatan lafiya su koyi danne rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta, da ɗaure gaɓa da ƙyalle mai faɗi a rubuta lokacin, da lulluɓe majinyaci kada ya yi sanyi. Kada a zuba masa toka ko ƙasa a raunin, kada a tsaya ba shi ruwa ko abinci, a garzaya da shi asibiti.

Allah (T) Ya kiyaye matafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya farkar da al'umma. Wassalam.