Cokali Ɗaya, Kofin Gahawa 28

A watan Janairun 2021, wani mai horar da masu motsa jiki a garin Colwyn Bay na yankin Wales ya buɗe fakitin garin kafeyin da ya saya. An rubuta a jikin fakitin cewa a riƙa ɗibar miligiram 60 zuwa 300. Sikelin da ke kicin ɗinsa kuwa ba ya iya auna abin da bai kai giram 2 ba. Ya ɗiba, ya dama, ya shanye. Ba a jima ba ya dafe ƙirji, kumfa na fita daga bakinsa. A zaman binciken mutuwarsa an ji cewa abin da ya sha ya kai kusan kofin gahawa 200. Shekararsa 29, ya bar 'ya'ya biyu.

Kafeyin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne ke cikin goron da fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga Gwanja, shi ne ke cikin shayin da ake dafawa a majalisa har tsakar dare. Sai dai goro yana zuwa da birkinsa: ga ɗaci, ga tauri, muƙamuƙi kan gaji tun kafin zuciya ta fara ƙorafi. Babu tsohon da zai tauna goro hamsin a zama ɗaya. Da aka tace sinadarin aka mai da shi farin gari ko ƙwaya, wannan birkin ne aka cire.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce miligiram 400 a yini ba ya cutar da yawancin manya masu lafiya. Takwararta ta Turai ta tsayar wa mai juna biyu miligiram 200. Ƙaramin cokali ɗaya na tsantsar garin kuwa daidai yake da kofin gahawa 28, kuma wanda ya kwankwaɗi miligiram 1,200 a lokaci guda yana iya faɗuwa yana jijjiga. A 2014 wani ɗalibi ɗan kokawa mai shekara 18 a jihar Ohio ya mutu da wannan gari, saura 'yan kwanaki ya kammala sakandare. Sai a 2018 FDA ta hana sayar wa jama'a tsantsar garin da yawa. Ostareliya ta hana a 2019, bayan wani saurayi ɗan shekara 21 ya zuba shi a abin shansa na gina jiki ya mutu.

Me ya sa doka take zuwa bayan jana'iza? A Amurka, dokar 1994 ta ba kamfanoni damar fitar da kayan ƙarin abinci kasuwa ba tare da an tantance su kamar magani ba. Gwangwanayen irin waɗannan kaya ne ke tsallako teku su sauka a kantunan Legas da Abuja da Kano, ko a shafukan masu talla a Instagram.

Abin da ya fi damun mai wannan shafi shi ne tarin da ake yi ba a sani ba. Saurayi mai ɗaga ƙarfe ya dama ludayin garin ƙarin kuzari kafin atisaye, wanda sau da yawa yana ɗauke da miligiram 150 zuwa 300. Da rana ya sha gwangwanin Red Bull, miligiram 80. Kansa ya sara, ya haɗiyi Panadol Extra biyu, kowace ƙwaya miligiram 65. Da dare ga shayi. Bai taɓa lissafawa ba, don babu wanda ya ce masa abu ɗaya yake ta sha da sunaye huɗu. Haka matar da ke shan shayin rage ƙiba: ta duba kwali ta ga guarana da koren shayi, ta ce ai ganye ne kawai, alhali 'ya'yan guarana sun fi na gahawa kafeyin. In tana da hawan jini ko ciki, wasan ya zama da rai.

Ya kamata hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar wa ɗaiɗaikun mutane tsantsar garin, ta kuma tilasta a rubuta jimillar kafeyin ɓaro-ɓaro a gaban kowane gwangwani, har da wanda ke ɓoye cikin ganyayyaki.

Mai cewa a bar kowa ya auna da kansa, ya tuna Jami'ar Northumbria ta Ingila. A 2015, a wani gwajin kimiyyar wasanni, ma'aikatanta sun yi lissafi a wayar hannu, ɗigon lamba ya sauka ba a muhallinsa ba, aka ba ɗalibai biyu giram 30 maimakon giram 0.3. Sai da aka kwantar da su a sashen kulawa ta musamman aka yi musu wankin jini kafin su tsira. Kotu ta ci jami'ar tarar fam 400,000 a 2017.