Wa Ya Ce Kirifto Kuɗin Talaka Ne?

Duk wanda ya taɓa zama a taron 'yan kirifto, ko ya saurari masu koyar da shi a TikTok da Telegram, ya haddace huɗubar. Banki azzalumi ne, yana yankar kuɗin saƙo, kuɗin kati, kuɗin kula da asusu. Kirifto kuwa ba shi da manaja, ba shi da ɗan tsakiya, za ka tura kuɗi daga Kano zuwa Jidda kafin ka ƙifta ido da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In wani ya yi ƙarfin hali ya tambayi dalilin da ya sa kuɗin gas, wato cajin tura kirifto, ke hauhawa, ko ya sa kuɗin mutum ke kwana a hanya bai isa ba, amsa biyu ce a aljihunsu. Ko a ce masa matsala ce ta ɗan lokaci, ƙwararru na kan gyara, ko a ce ai cunkoson ma alamar nasara ce, duniya ce ta karɓi abin.

Duka biyun romon baka ne. Tsadar caji a lokacin cunkoso ba lalacewar inji ba ce, haka aka ƙera injin tun farko, kuma wanda aka ƙera shi ya fara turewa gefe shi ne mai ƙaramin kuɗi, wato mutumin da ake rantsuwa dominsa aka yi abin.

Bitcoin kundi ne da ake ƙara wa shafi ɗaya kusan kowane minti 10. Tun 2010 aka ƙayyade girman shafin zuwa megabayit 1, kuma ko da gyaran SegWit na 2017 ya ɗan faɗaɗa shi, abin da duniya gaba ɗaya za ta iya turawa bai wuce cinikayya 7 ko makamancin haka a daƙiƙa ba. Ka ɗauka mota ce guda tilo a tasha, tana tashi kowane minti 10, kujerunta a ƙidaye. Ranar da tasha ta yi fayau, kowa ya shiga da ɗan canjinsa. Ranar jajibirin Sallah kuwa, ɗan kamasho ba ya duba wanda ya riga zuwa, gwanjon kujera yake yi, wanda ya fi miƙo kuɗi shi ke shiga. Sauran su zauna a benci, su ga mota ta goma ta tashi da mutanen da suka zo bayansu. Wannan bencin shi ake kira mempul, masu haƙa kuma, wato masu ƙara shafi a kundin, su ne ke zaɓen wanda zai shiga, kuma babu wata doka da ta ce su tausaya wa kowa.

Abin da masu huɗuba ba sa so a daɗe a kai shi ne yadda ake lissafin cajin. Ba a duba yawan kuɗin da kake turawa, ana duba wurin da bayanan cinikinka za su ci a shafi. Mai tura dala miliyan 20 da mai tura dala 20 suna iya biyan abu ɗaya. Idan cajin ya kai dala 30, na farko ko jin sa ba zai yi ba, na biyu kuwa an riga an ce masa ya koma gida. Akwai ma abin da ya fi haka ciwo. Wanda ya tara Bitcoin ɗinsa kaɗan-kaɗan, yau ɗan abu gobe ɗan abu, ranar da zai haɗa su ya tura, cinikinsa ya fi na attajiri girma a shafi, saboda kowane ɗan guntu sai an ambace shi daban. Shi ne zai fi biya. Wasu guntayen ma cajin fitar da su ya fi ƙimarsu, sai su zauna a walet, kana ganinsu da ido, ba ka iya taɓawa.

Ba hasashe nake yi ba. A Disambar 2017 matsakaicin cajin Bitcoin ya haura dala 50. A watan ne Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, ta daina karɓar Bitcoin, ta ambaci tsadar caji da rawar farashi. Wata guda bayan haka, taron Bitcoin na Arewacin Amurka da aka yi a Miami ya dakatar da sayar da tikitinsa da Bitcoin saboda cunkoso. Taron Bitcoin fa, ba taron 'yan banki ba. A Afrilun 2021 cajin ya sake hawa, ya haura dala 60. A Mayun 2023, da aka yi ta cusa hotuna da ƙananan sulalla a cikin kundin ta hanyar Ordinals da BRC-20, cinikayya sama da 400,000 suka taru a layi, har kasuwar kirifto ta Binance ta dakatar da cire Bitcoin sau biyu cikin kwana ɗaya. Ranar 20 ga Afrilun 2024 kuwa, da aka ƙaddamar da Runes, wata sabuwar hanyar ƙananan sulalla, matsakaicin cajin ya wuce dala 100. A duk waɗannan lokuta mai tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani bai yi komai ba. A biyun ƙarshe ma, wasu ne can suke caca a kan hotuna da sulallan wasa, shi aka miƙa wa takardar biya.

To a ce na ɗan lokaci ne? Sai a koma tarihi. Daga 2015 zuwa 2017 mutanen Bitcoin sun yi ta fafatawa a kan wannan magana: a faɗaɗa shafi caji ya sauka, ko a bar shi yadda yake. Masu cewa a bar shi su suka yi rinjaye, waɗanda suka sha kaye suka ɓalle da Bitcoin Cash a Agustan 2017. Masu rinjayen suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: in shafi ya yi girma, manyan kamfanoni ne kaɗai za su iya riƙe kwafin kundin, iko ya koma hannun 'yan tsiraru. Na yarda hujja ce. Amma zaɓi ne aka yi da ido buɗe, an fifita tsaron kundin a kan araha. A tsakiyar tsadar Disambar 2017, Gregory Maxwell, ɗaya daga cikin fitattun masu rubuta manhajar Bitcoin, ya fito fili ya nuna murnarsa, don a ganinsa kasuwa ta fara nuna cewa caji zai iya ɗaukar nauyin tsaron tsarin.

Maganarsa tana da tushe, kuma nan ne ƙaryar "na ɗan lokaci" take ƙarewa. Masu haƙa suna ƙona wutar lantarki ta maƙudan kuɗi, ana biyansu ta hanya biyu: sabon Bitcoin da kowane shafi ke haifarwa, da cajin masu ciniki. Na farkon raguwa yake da rabi kusan kowace shekara 4. Ya fara da 50 a 2009, ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, yanzu 3.125 tun Afrilun 2024. Haka zai yi ta zagwanyewa har a cika miliyan 21 wajen shekarar 2140. Wa zai cike giɓin? Ko dai farashin Bitcoin ya yi ta ninkawa har abada, ko caji ya yi nauyi. Wanda ke gaya maka Bitcoin zai dawwama da tsaro kuma ya dawwama da araha, ɗaya daga cikin biyun yake ɓoye maka.

A Ethereum ma labarin bai canza ba, sai dai ya fi ban takaici, don Vitalik Buterin, jagoran Ethereum ɗin, da kansa ya taɓa cewa a 2014 bai dace tura kuɗi a intanet ya ci ko santi 5 ba. Shekara uku bayan haka wasan kiwon kyanwowin kwamfuta, CryptoKitties, ya toshe hanyar. A ƙarshen Afrilun 2022, da Yuga Labs ta sa filayen duniyar kwamfuta na Otherside a kasuwa, an ƙona sama da dala miliyan 150 a kuɗin gas kaɗai cikin 'yan awanni, kuma duk wanda ya so tura wani abu a daren, ko bai san da wannan ciniki ba, ya ɗanɗana kuɗarsa. A Ethereum kuma in cinikinka ya faɗi a hanya, gas ɗin da aka ci ya tafi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nuwamban 2021, lokacin da mutane fiye da 17,000 suka yi karo-karo a ƙarƙashin ConstitutionDAO, suka tara sama da dala miliyan 40 don sayen wani tsohon bugu na kundin tsarin mulkin Amurka a gwanjon Sotheby's. An yi ta yayata shi a matsayin ranar da talakawa za su kayar da attajirai. Attajiri Ken Griffin ya saye takardar a kan dala miliyan 43.2. Da aka zo mayar da kuɗi, masu ƙaramin hannu suka tarar gas na shiga da gas na fita ya cinye musu kaso mai yawa, wasu ma babu amfanin su nemi ragowar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na san abin da za a ce. Ai a 2025 caji ya faɗi ƙasa warwas, a Bitcoin da Ethereum duka. Gaskiya ne. Amma arahar da ke zuwa sai lokacin da layi ya watse ba alkawari ba ce, yanayi ne. Ranar da kasuwa ta rikice kowa ke son fita, ko ta haukace kowa ke son shiga, ranar ce ka fi bukatar hanyar, kuma ranar ce ta fi tsada. Talaka ba ya zaɓen ranar da zai bukaci kuɗinsa, rashin lafiya da kuɗin makaranta ne ke zaɓar masa.

Za a ce kuma akwai hanyoyi masu araha: Solana, TON, Tron, da waɗanda aka ɗora a kan Ethereum, da Lightning a kan Bitcoin. Akwai su, kuma gyaran Dencun na Maris 2024 ya rage cajin masu hawa kan Ethereum sosai. Sai dai kowace araha da abin da aka bayar a madadinta. Solana ta tsaya cik na kusan awa 17 a Satumbar 2021, ta sake tsayawa a Fabrairun 2024. Matasanmu da suka kwana suna danna waya ba sa bukatar a ba su labarin TON: a ƙarshen Agustan 2024, da aka saki eyadirof ɗin DOGS, wato rabon sulallan kyauta, hanyar ta kasa ɗaukar jama'a, ta daina fitar da shafi na tsawon awanni, har sau biyu. Lightning kuwa, kafin ka buɗe taka ƙofar sai ka biya caji a babban kundin, ranar rufewa ma haka. Shi ya sa akasarin masu ƙaramin ƙarfi ba sa riƙe makullin kuɗinsu, suna barinsa ne a manhajar wani kamfani, inda tura kuɗi tsakanin abokan hulɗa kusan kyauta ne. Me ake kiran kamfanin da ke riƙe maka kuɗi, yana iya rufe maka asusu, yana iya dakatar da cirewa ranar da ya ga dama? An gudu ba a tsira ba. Bambancin kawai, wannan babu inshorar NDIC a bayansa, kuma waɗanda kuɗinsu ya maƙale a kamfanin kirifto na FTX a Nuwamban 2022 sun ga yadda abin yake.

Ba ina wanke bankunanmu ba ne, duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi saƙo bai je ba ya san halinsu. Amma a riƙa faɗin lissafi daidai. A ƙa'idar Babban Banki da ta fara aiki a 2020, an sa cajin tura kuɗi tsakanin bankuna naira 10 zuwa naira 50, gwargwadon yawan kuɗin, wato mai ƙarami shi ke biyan ƙarami. A kundin Bitcoin akasin haka ne. Inda kirifto ke da hujja ta gaske wuri biyu ne: aiko da kuɗi daga waje, inda Bankin Duniya ke nuna tura dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara na cin wajen kashi 8 cikin 100, da kuma tsere wa faɗuwar naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Amma dubi abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Wapa ke amfani da shi in ya shiga wannan harka: USDT, dalar da kamfani ɗaya, Tether, ke bugawa, kuma yake da ikon daskarar da ita a kowane walet. Amfani ne na gaske, ban musa ba. Amma ba shi ne 'yancin da aka yi mana wa'azinsa ba.

Ko El Salvador, wadda ta mayar da Bitcoin kuɗin ƙasa a Satumbar 2021, ba a kan babban kundin ta ɗora talakawanta ba, walet ɗin gwamnati ta ba su mai suna Chivo. A Janairun 2025 ta janye wajabcin karɓar Bitcoin ɗin ma gaba ɗaya.

Saboda haka kirana ga masu buɗe aji suna karɓar kuɗin rajista daga ɗalibai, 'yan acaba da matan aure: ku sa darasin caji a ranar farko, kafin darasin riba. Ku gaya musu layin gwanjo ne, cewa ciniki na iya faɗuwa gas ya tafi, cewa akwai adadin da in kuɗinka bai kai ba fitar da shi asara ce. Kai kuma mai shirin zuba dubu ashirin ɗinka, kafin ka tambayi malamin nawa za ka samu, tambaye shi nawa za ka biya ka fita ranar da kowa ke son fita. In ya kasa ba ka amsa da adadi, riƙe kuɗinka.