Kafin Mu Kai Mota Gareji: Ma'aunin Iskar Inji da Aljihun Malami

Duk malamin firamaren da Allah Ya hore wa mota a wannan zamani ya san cewa sayenta bai kai riƙe ta wuya ba. Yawancinmu da rancen ƙungiyar adashin ma'aikata muka saya, ko da ɗan abin da aka daɗe ana tarawa, kuma kusan dukkan motocin 'yan Kwatano ne, sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake naira 1,000 a wurare da dama. Albashi bai iya wannan gudu ba. Yau idan mota ta fara shan mai fiye da ƙima, daga cefanen gida da kuɗin makarantar yara take sha.

Ra'ayinmu a nan shi ne, akwai ƙananan gyare-gyare da bai kamata malami ya ci gaba da jin tsoronsu ba, kuma ya dace reshenmu ya taimaka wa mambobinsa su koye su. Mun zaɓi guda ɗaya don ya zama misali: dubawa da wankewa da sauya ma'aunin iskar inji, wanda kanikawa ke kira eyafulo mita.

Sai mu fara da fahimtar aikinsa, domin wanda bai san abu ba shi ke tsoronsa. Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai ya gauraya shi da iska, kuma haɗin yana da ƙa'ida: kowane kashi 1 na fetur yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska, in aka auna da nauyi. Malamin lissafi zai iya ƙarasa sauran. Litar fetur ɗaya tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, saboda haka tana neman iska kilo 11, wato abin da ya haura lita 9,000. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, kafireto ne ke yin wannan haɗi. A motocin yanzu kuwa kwamfutar inji ce ke yanke yawan man da nozul zai fesa, kuma ba za ta iya ba sai an gaya mata yawan iskar da ta shiga. Mai gaya matan shi ne ma'aunin iska.

Yana zaune ne a kan bututun da ya fito daga akwatin filtar iska ya nufi inji, da soket na wayoyi a jikinsa. A cikinsa akwai wata siririyar waya, ko ɗan falle, da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, sai a ƙara lantarki don zafin ya tsaya yadda yake. Gwargwadon lantarkin da aka ƙara, gwargwadon iskar da ta wuce. Darasi ne da kowannenmu ya sani tun yana yaro, lokacin da yake hura kunu don ya huce.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa wannan na'ura ke shan wahala a ƙasarmu. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, kuma da yawa daga makarantun da aka tura mu suna kan hanyoyin da ba su taɓa ganin kwalta ba. Idan filta ta tsufa, ko ta yage, ko ba a rufe akwatinta daidai ba, ƙurar tana manne wa wayar nan ta yi mata riga. Wayar da ta sa riga ba ta jin sanyin iska sosai, sai ta ba kwamfuta labarin da ba shi ne ba. Lissafi ya rikice ke nan: mota ta riƙa karkarwa in tana tsaye, ta yi nauyi ko ta shaƙe in an taka totur, ta mutu a mahaɗar hanya, wani lokaci ta yi baƙin hayaƙi ta sha mai, fitilar gargaɗin inji kuma ta kama a gaban direba. In aka bar ta haka tsawon lokaci, ɓarnar tana iya kaiwa ga fulogi da matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi, ita kuwa kuɗinta ba na wasa ba ne.

To amma a nan ne ya kamata mu yi hattara, domin waɗannan alamomi ba na ma'aunin iska kaɗai ba ne. Fulogin da ya mutu, da famfon mai da ya yi rauni, da nozul da ya toshe, duk suna iya kawo irinsu. Abin da ke cinye kuɗin mai mota shi ne gyaran canki-canka: yau a sauya wannan, gobe a sauya wancan, har a dace. Mu da muke hana ɗalibi rubuta amsa bai nuna yadda ya same ta ba, bai dace mu yarda da haka a kan abin hawanmu ba.

Motar kanta tana iya faɗin inda ke mata ciwo. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur da aka sayar a Tarayyar Turai daga 2001, suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Ana cusa masa ƙaramar na'urar bincike, wasu ma da wayar hannu ake haɗa su, sai ta nuna lambar matsalar. Lambobin P0100 zuwa P0104 suna nuni ga ma'aunin iska ko wayoyinsa. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, P0172 kuma mai ya yi wa iska yawa. Na'urar tana kuma nuna iskar da ke shiga a kowace daƙiƙa: ƙaramin inji mai silinda huɗu da ya yi ɗumi yana tsaye yakan nuna kimanin giram 2 zuwa 4, kuma adadin ya riƙa hawa a hankali yayin da ake taka totur. Lamba dai ishara ce, ba hukunci ba. Ta ce a duba nan, ba ta ce a sayi sabo ba.

Saboda haka mataki na farko ba ya cin ko sisi. A buɗe akwatin filta a duba ta. In ta yi baƙi ko ta yage a sauya, a daina dogaro da hura ta da iskar mai faci, domin iska mai ƙarfi tana yaga takardar ta buɗe wa ƙura hanya. Sannan a shafa tiyon robar da ke tsakanin ma'aunin da inji, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage, a tabbata maɗauransa sun kama. Duk iskar da ta shiga ta wannan tsaga ba a auna ta ba, kuma takan sa a zargi ma'aunin da ba shi da laifi. A duba soket ɗin ma, ko ya saki ko ya yi tsatsa. A kuma sani cewa ba kowace mota ke da shi ba. Wasu, kamar tsofaffin Honda da yawa, matsin iskar cikin inji suke aunawa da wata na'ura dabam.

Mataki na biyu shi ne wanki. A kashe mota, a zare makulli, a bar inji ya huce. Wanda ya so ƙarin kariya ya cire kan batir mai alamar ragi, amma ya tuna agogo da rediyo za su manta saitinsu. A danna ɗan harshen soket ɗin a zare shi, ba a jan wayoyin. A mafi yawan motocin Toyota, irin su Corolla da Camry, sukuru biyu ne kacal ke riƙe da ma'aunin. Wasu motocin Turai kuwa sukurunsu mai kan tauraro ne, sai da sukudireba irin tasa. In an ciro shi, kada yatsa ko tsumma ko tsinke ya taɓa wayar ciki, domin ta fi gashi saurin lalacewa. Akwai feshin da aka yi musamman don wanke ma'aunin iska, shi kaɗai za a yi amfani da shi, ba fetur ba, ba kananzir ba, ba feshin kafireto ko na kwance tsatsa ba. A fesa a sarari, nesa da wuta, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa.

In wanki bai yi ba, kuma binciken ya ci gaba da nuna shi, sai mataki na uku, wato sauyawa. A jikin tsohon akwai lambar kaya da sunan kamfanin da ya ƙera shi, galibi Denso ko Bosch. A ɗauki hotonsa, ko a tafi da shi kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko wadda ta fi kusa, a nemi mai lamba iri ɗaya. Kamannin jiki ba hujja ba ne, domin biyu na iya shiga rami ɗaya amma lissafinsu ya bambanta. Araha ba ta ado: jabun ma'auni yana iya barin mota cikin halin da ya fi na da muni. In na hannu za a saya, a yi sharaɗi da mai kaya cewa za a dawo da shi in bai yi ba. Wajen ɗaurawa a lura da zoben robar da ke toshe gefensa, a kuma lura da kibiyar da ke jikin wasu, wadda dole ta fuskanci inji. A ɗaure sukuru ba da ƙarfin tsiya ba, tun da jikin roba ne. A mayar da soket har a ji ya kama, a goge lambar matsalar, a tayar da mota a sarari, ba cikin rufaffen wuri ba, saboda hayaƙinta yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. A bar ta ta yi 'yan mintoci tana tsaye, sannan a zaga da ita. Aikin duka ba ya cika cin rabin sa'a.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Wasu za su ce muna neman raba bakanike da abincinsa, alhali kanikawa 'yan uwanmu ne, wasu iyayen ɗalibanmu, wasu ma mu muka koya musu baƙi da wasali. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya zama bakanike ba. Birki, da sitiyari, da bututun mai, da jakar iskar kariya, da bel ɗin da ke cikin inji, da duk abin da kuskure a kansa zai iya cin rai, na gwanaye ne, kuma a biya su haƙƙinsu ba tare da ƙorafi ba. Bakaniken kirki ba ya asara don mai mota ya waye. Hasali ma aikinsa sauƙi yake yi in aka zo masa da bayani cewa an sauya filta, an duba tiyo, an wanke ma'auni, ga kuma lambar da ta fito. Wanda zai yi asara shi ne mai cin abinci da jahilcin mutane, shi kuwa ba mu da alhakin kare shi.

Wasu kuma za su ce bai kamaci malam ko malama a gan su da baƙin hannu a ƙofar gida ba. Wannan tunani ne ya daɗe yana cutar da iliminmu. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, burin shi ne yaro ya fito makaranta da abin yi a hannunsa, kuma har yau kimiyya da fasaha suna cikin manhajar da muke koyarwa a firamare. Yaya za mu tsaya gaban allo muna bayanin iska da zafi da lantarki, sannan mu kasa buɗe bonet mu nuna wa 'ya'yanmu inda ukun suka haɗu suna aiki? Yaron da ya riƙe wa mahaifiyarsa tocila tana kwance sukuru biyu ya koyi abin da ba a mantawa, ya kuma ga cewa boko da aikin hannu ba kishiyoyi ba ne.

Akwai kuma masu cewa mafi yawan mambobinmu babur gare su ko keke, me ya haɗa su da wannan? Babur ma da iska yake numfashi, kuma filtar da ta toshe tana sa shi shan mai kamar yadda take sa mota. Ɗabi'ar bincike kafin kashe kuɗi ta kowa ce.

Don haka muna gabatar wa shugabannin reshe shawara. Na ɗaya, a sayi na'urar bincike guda ɗaya ko biyu daga asusun walwalar mambobi, a ajiye a ofishin reshe tare da littafin aro, kamar yadda muke yi da littattafan laburare. Na biyu, a ware wata Asabar a kowane zango, musamman gab da shigowar hunturu, a gayyato amintaccen bakanike daga cikin gari, a biya shi ladansa, ya nuna wa malamai maza da mata abin da za su iya yi da kansu da kuma inda ya wajaba su tsaya. Na uku, mambobin da ke da mota iri ɗaya su riƙa haɗa kuɗi suna sayen filta da feshin wanki tare, tun da gwangwani ɗaya yana isar motoci da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai maye gurbin gwagwarmayar da ƙungiyarmu ke yi tun kafuwarta a 1931, ta neman albashi mai kyau a kan kari, da ƙarin girma, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Wannan fafutuka tana nan daram. Amma kafin haƙƙi ya iso, abin da ke hannu ya cancanci tsaro, kuma nairar da ba ta zube a salansa ba ta iyali ce. Muna fatan za a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.